Ɗigo a Cikin Shuɗi

Kwana uku ke nan wayar Yahya ba ta shiga. Mijina ne, wata takwas da tafiyarsa tsibirin Maurishus, inda wani kamfanin sukari ya ɗauke shi aiki, don ya san rake tun a fadamar Makarfi. Maganarmu ta ƙarshe, ya ce gwamnati ta rufe makarantu da tashar jirgin ruwa, guguwa na tahowa daga teku. Sai layin ya yanke.

Ni tsibiri ɗaya na sani, na tsakiyar rafin garinmu. Da rani ana shuka albasa a kansa. In ruwan Agusta ya zo, ko ciyawa ba a gani. Bara ya tafi da awakin maƙwabcinmu Bobbo biyar, ko igiya ba a tsinta ba.

A gida ba halin tambaya. Matar ɗa ba ta cigiyar miji a gaban uwarsa. Uwar tasa kuma, Inna Hajo, shi ne ɗanta na fari, ko sunansa ba ta kamawa. Tana gyaran barkono, ina tankaɗe, kowa na satar kallon wayar da ke kan taga.

Da hantsi na ce zan kai niƙa, na biya gidan Malama Lucia mai koyarwa a firamare. Da ƙyar na faɗi abin da ya kawo ni. Ta buɗe taswira, ta ɗora farce a kan wani ɗigo kamar ƙwayar riɗi, shuɗi ta ko'ina.

"Malama, in ruwa ya taso, ina za su gudu?"

Ta nuna mini hotuna a wayarta, duwatsun da suka fi Kufena tsawo, da garuruwa da tituna. Ta ce ruwa ba ya rufe shi, amma iskar takan kayar da turakun wuta da gidaje. Ba ta ce yana lafiya ba.

Ina shiga gida wayar ta yi ƙara, baƙuwar lamba. Na tsaya ina kallonta. Inna ta ce, "Ɗauka, 'yar nan. Hannuna da yaji."

Muryarsa ce, a dashe. Rufin ɗakinsu ya tafi, rake duk ya kwanta, suna wata makaranta a kan tudu, wayar ma ta aro ce.

Na ce, "Ga Inna."

Ta karɓa, da yajin da komai.