Hannun Hagun Malam

Maigidana, Allah ya jiƙansa, malamin kiɗa ne. Fiyano yake koya wa yara a falonmu bayan an tashi daga makaranta. Ni ban taɓa koyo ba. Ina kicin, bango ɗaya tsakaninmu, duk abin da ake bugawa yana shiga kunnena ina yankan albasa.

Akwai ɗabi'arsa da muka sha musu a kanta. Idan sabon yaro ya zo, hannun dama kaɗai yake koya masa. Shi kuma ya zauna a gefen hagu na bencin yana buga masa ɗaya hannun. Sai ka ji yaron da ya fara jiya-jiya ya cika ɗaki da kiɗa, yana ta washe baki.

Nakan ce, "Malam, yaudarar yaran nan kake yi. Rabin kiɗan naka ne."

Ya ce, "Bari su ji daɗin abin tukuna. Za mu kai ga hagun."

"Kai dai ka ce ba ka iya ajiye hannunka a cinya."

Da yawansu bai kai su ga hagun ba. Ciwon da ya yi ajalinsa bai ɗauki lokaci ba. Iyaye suka zo gaisuwa, suka kwashe littattafan 'ya'yansu, ni kuma na rufe fiyanon da zanen gado.

Wata yamma aka ƙwanƙwasa ƙofa. Wata ma'aikaciyar jinya ce da muke kira Nas, uwar wata ɗalibarsa da yake kira Gilashi, saboda tabaraunta da ke yawan zamowa kan hanci. Yarinyar ba ta kai shekara goma ba. Tana laɓe a bayan uwar.

Nas ta ce, "Yaya, ki yi haƙuri da zuwan nan. An sa ta cikin masu kiɗa ranar da za a rufe makaranta, ta ce a cire sunanta. Na kai ta wurin wani malamin, ta naɗe hannu ta ƙi taɓa komai. Na san halin kayana. Idan ta fasa wannan, ta bar kiɗa ke nan."

Na ce, "To ni me zan iya? Ko sunan maɓallan ban sani ba."

"Ta ce sai dai a fiyanon nan."

Na yaye zanen. Gilashi ta zauna can ƙarshen dama na bencin, ta bar wurin mutum ɗaya a gefenta. Ta fara. Na san kiɗan, amma ya rame, kamar mai tafiya da takalmi ƙafa ɗaya. Da ta kai tsakiya sai ta ɗaga hannu ta tsaya.

Nas ta ce, "Kin gani ko? Kullum a nan take mantawa."

Yarinyar ta ce, "Ban manta ba. Nan ba nawa ba ne."

Gaskiyarta. A daidai nan hannun Malam yake gangarawa ƙasa shi kaɗai, sannan ita ta dawo. Ban san lokacin da na yi shi da bakina ba, a hankali, kamar yadda nake yi a kan tukunya.

Ta juyo. "Mama, sake."

Na sake. Ta miƙa hannun hagu ta danna wani farin maɓalli.

Na ce, "Ba shi ba ne. Yi ƙasa kaɗan."

Ta danna na kusa da shi.

"Kin wuce."

"Ai muryarki ce take rawa, Mama."

"Ita ke gare ni, 'yar nan. Nemi baƙin da ke tsakaninsu."

Shi ne kuwa.

Daga nan Nas takan ajiye ta idan za ta asibiti. Ina tsaye a bakin ƙofar kicin ina yi da baki, ita tana lalube har ta samu. Hagun ita kaɗai ba ta ba ta wahala sosai ba. Haɗa hannun biyu ne ya zama aiki. Dama ta tafi, hagu ta tsaya kallo. Wata rana ta buga maɓallan da tafin hannu, ta ce, "Me ya sa Malam bai koya mini ba tun farko?"

Na so in kare shi. Na ce, "Ya ɗauka akwai lokaci."

Ta sake gwadawa, hannun bai kai inda take so ba, sai ta muskuta ta dawo tsakiyar bencin. Ba ta ma lura ta yi ba. Ni na shige kicin na buɗe famfo, na daɗe ina wanke kofin da ba shi da datti.

Ranar kiɗan ban je ba. Ban shirya ganin taro ba. Da yamma Nas ta biyo, ko fararen kayan aikinta ba ta cire ba.

Ta ce, "Yaya, hagun ta yi ta makara. Ta yi tuntuɓe har na rufe ido. Amma ba ta tashi ba sai da ta kai ƙarshe."

Bayan hutu Gilashi ta zo da sabuwar takardar kiɗa, ta baje a gabana. "Mama, yi mini wannan."

Na duba. Ɗige-ɗige ne baƙaƙe kamar tururuwa a kan layi.

Na ce, "Buga mini na hannun dama in ji."

Ta buga. Na saurara har ƙarshe, babu abin da ya taso mini.

"Wannan Malam bai taɓa buga shi a gidan nan ba. Ba ni da shi."

"To yaya za a yi?"

"Ki koma wurin malamin da mamanki ta samo."

"Bencinsa ya yi tsawo. Ƙafata ba ta taɓa ƙasa."

"Sai ki ce ya sa miki akwati a ƙasa. Bakinki ai ba ya ciwo."

Ta tura baki har uwarta ta zo suka fita. Amma ta je. Nas ta ce mini har yanzu tana zuwa, kuma har yanzu tana mitar bencin.