Ƙofar da Ba a Rufe Ba

Ban taɓa tashi da zumuɗi irin na ranar auren Bryony ba. Kafin ƙarfe bakwai na toya wainar zuma mai siffar jinjirin wata har faranti uku, na ƙona ɗaya, na goge wuƙar ibadata mai baƙar ƙota sau biyu, sannan na tsaya tsakiyar ɗakin girki ina neman tabaraun da ke kan hancina. Shekara ashirin da shida ina bin addinin Wika, mai girmama wata da ƙasa, na ɗaure hannun ma'aurata sun fi goma, amma wannan 'yata ce, kuma ita kaɗai gare ni.

A filin Desmond za a yi, bayan garin Burley, daidai inda katangar gonarsa ta haɗu da daji. Desmond shi ya shigar da ni wannan hanya. Tsohon malamin lissafi ne, kuma har ibada ma da ma'auni yake yin ta. Ina isa na tarar da shi tsugune a ciyawa da abin nuna alƙibla a hannu, yana matsar da kyandir ɗin arewa da faɗin yatsa biyu.

"Roz, kin makara da minti tara," ya ce, ko ɗagowa bai yi ba.

"Ina kwana, Desmond. Ni ma na yi murnar ganinka."

"Wa ya sa kwanon ruwa a kudu?"

"Wanda zai mayar da shi yamma in ka daina hararar mutane."

Ranar ta yi kyau har ta so ta wuce gona da iri. Watan Yuni, ba ko ɗigon ruwa, dawakan daji uku sun jingina da katanga suna kallonmu. 'Yan'uwan ango, Callum, sun zo daga arewa a motoci huɗu, rabinsu ba su taɓa ganin irin wannan biki ba, sai leƙen teburin ibada suke yi suna raɗa. Igiyar ɗaurin tana kan teburin, kowane baƙo ya saƙa nasa ƙyallen a ciki, ja da kore da ruwan ƙwai. Wuri ɗaya ne Bryony ta bari babu komai, na kakarta. Na ga wurin, na kau da kai.

Mahaifiyata, Winifred, shekararta tamanin da uku. A Lymington ta rayu, shekara arba'in tana gyaran tarun masunta tare da mahaifina, kuma ba ta taɓa fashin coci ba sai ranar da ta haife ni. Lokacin da na gaya mata hanyar da na ɗauka, ta ajiye butar shayi ta ce, "Ni 'ya na haifa, ban haifi mayya ba." Sunan kam mu ma mun karɓe shi, amma abin da nake yi bai wuce in san ranar da wata ke cika, in gode wa ƙasa, in zauna gefen mara lafiya in riƙe masa hannu ba. Ba ta taɓa bari na faɗa mata ko wannan ba. Kowace Talata ina zuwa gidanta, mu yi hirar ruwan sama da ciwon gwiwa da tumatirinta, in taho. Abin yana ci mini rai, ba zan ɓoye ba. Ina so ta gan ni a bakin aikina ko sau ɗaya ne kafin ɗayarmu ta mutu.

Bryony da kanta ta kai mata katin gayyata. Ta karanta shi tsaf, ta danne shi da gwangwanin sukari, ta ce za ta yi musu addu'a daga gida.

Ƙarfe biyu daidai, don Desmond na riƙe da agogo, na ɗauki tsintsiya na share filin. Na yayyafa ruwan gishiri, na zaga da turaren wuta, sannan na zare wuƙar na fara zana da'ira a iska daga gabas, ina bin tafiyar rana, mutum arba'in da biyu a ciki. Na kira iska, na kira wuta, na kira ruwa da ƙasa, na gayyaci Uwargijiya da Mai Ƙaho, allolin da muke bauta wa. Duk sanda da'ira ta haɗu ina jin ta a fatar hannuna, kamar an rufe taga ana tsakar iska. Ranar nan ta haɗu da ƙarfi har wata gwaggon Callum ta daina fifita da hularta.

Desmond ya riga ya ja wa baƙi kunne. Da zarar an zana, ba mai tsallakawa, ko shiga ko fita. Wanda ya matsu, sai a yanka masa ƙofa da wuƙa, ya wuce, a rufe.

Bryony na tsaye gabana da rawanin furanni, Callum kuwa gumi yake yi cikin rigar da ta matse masa wuya. Na buɗe baki zan tambaye su ko da son ransu suka zo, sai na ji ƙarar mota a kan tsakuwa.

Tasi ce. Ƙofar baya ta buɗe, sanda ta fara fitowa, sannan baƙin takalmi, sannan shuɗiyar hular nan ta zuwa coci mai fure ɗaya a gefe.

"Mama," Bryony ta ce mini ƙasa-ƙasa, ta damƙi hannuna. "Kaka ce."

Na gani. Mama ta sallami direban, ta rataya jakarta, ta taho tana dogara sanda, mutum arba'in da biyu da doki uku suna kallonta. Ta zo har bakin layin furannin da muka jera a kan da'irar, ta tsaya cak, tsinin takalminta bai taɓa ko ɗaya ba.

"Rosalind," ta ce. Ita kaɗai ke kirana da cikakken suna. "A katin an rubuta ƙarfe biyu. Yaron nan ya kai ni wata gona daban, sai da na nuna masa hanya."

"Sannu da zuwa, Mama. Tsaya nan, kar ki tsallaka, bari in buɗe miki."

"Buɗe me? Fili ne."

Na tafi wurinta kusan da gudu, rigata na harɗe mini ƙafa. Na durƙusa, na ɗora bakin wuƙar a ƙasa, na ja ta sama, na lanƙwasa bisa tsayin hularta, na sauko da ita ɗaya gefen. Ƙofar ta yanku. Na matsa gefe na miƙa mata hannu.

Ta dubi hannun, ta dubi wuƙar, ta dubi teburin da kyandirori da gunkin Mai Ƙaho.

"Ba zan shiga ba."

"Mama."

"Na zo in ga jikata ta yi aure. Ban zo in shiga tsafinku ba. Daga nan ma ina gani sarai, an yi mini aikin ido bara."

Desmond ya matso, ya yi gyaran murya irin ta aji.

"Baiwar Allah, ki yi haƙuri, ƙofar nan ba a barin ta a buɗe. Ko ki shigo a rufe, ko ki ja baya a rufe."

"Kai ne mai filin?"

"Ni ne."

"To ciyawarka na son yanka." Ta juyo gare ni. "Rufe abinki, Rosalind. Sai in koma can wajen dawaki, ba zan hana ku komai ba."

Ta fara juya sandarta. Na san Mama. In ta koma bakin katangar nan, za ta tsaya minti goma don kunya, ta nemi mota, Talata kuma mu yi hirar tumatir har ƙarshen rayuwarmu. Kuma ni ce zan ɗaga wuƙa in rufe ƙofa a fuskarta, a gaban 'yata. Raina ya ɓaci, da ita, da Desmond, da ni kaina da na yi shekara ashirin da shida ina jiran wannan rana ban shirya mata komai ba.

"Desmond," na ce, "faɗi dokar gaba ɗayanta."

"Na faɗa."

"Rabi ka faɗa. Kai ka koya mini, na kwafe ta da hannuna daga littafinka. Ba a barin ƙofa a buɗe, sai me?"

Ya taɓa gemunsa. Desmond zai iya yi maka gardama a kan komai, amma ba ya iya musanta abin da ke rubuce.

"Sai in akwai mai gadi tsaye a bakinta," ya ce. "Amma Roz, mai gadi namu ne yake zama."

"A wane shafi aka rubuta haka?"

Na juya wurin Mama.

"Mama, ba sai kin shigo ba. Ba sai kin ce amin ga komai ba. Ki tsaya nan inda kike, kar ki bar kowa ya shiga, kar ki bar kowa ya fita. Shi ke nan aikin."

"Gadin ƙofa?"

"Gadin ƙofa."

"Shekara goma sha tara ina tsaron ƙofar coci ranar Lahadi," ta ce. Ta gyara tsayuwa, ta kafa sandar a gabanta, ta ɗora hannu biyu a kai. "To me kuke jira? Yarinya na tsaye a rana."

Na koma tsakiya ban san ko ƙafata na taɓa ƙasa ba. Na yi tambayoyin, suka amsa. Callum ya yi alkawarinsa har ya manta rabi, Bryony ta ƙarasa masa, aka yi dariya. Ana cikin haka wani kawun Callum da ya tsaya neman wurin ajiye mota ya taho da sauri, yana shirin ratsowa. Sandar Mama ta tare shi a ƙirji.

"Ina za ka?"

"Ciki, ɗan ƙanwata ne ango."

"Da ka zo a kan lokaci. Tsaya nan bayana, ka cire hula."

Ya cire kuwa. Na ga kafaɗun Desmond suna girgiza.

Sai aka zo ɗauri. Suka haɗa hannu, dama da dama, na naɗa igiyar sau uku, na zo ƙulli. Yatsuna suka ƙi. Na ƙulla, ya zame. Na sake, ƙyallayen suna da santsi, ya sake warwarewa ya zubo a kan takalmin Callum. Wata a cikin danginsa ta ja numfashi. Ƙulli ya kwance sau biyu a ranar aure, ko wanda bai yarda da komai ba sai gabansa ya faɗi.

"Dama kan hagu, sannan hagu kan dama," muryar Mama ta taso daga ƙofa. "Tun kina 'yar shekara shida nake gaya miki."

"Hannuna ne ke rawa, Mama."

"Na gani. Ku kawo nan."

Bryony ba ta jira izinin kowa ba. Ta ja mijinta har bakin ƙofar, suka miƙa hannuwansu. Mama ta rataya sandar a gwiwar hannu, ƙafafunta na waje, ba ta matsa ko taku ɗaya ba. Ta juya igiyar tana dubawa, ta ga wurin da aka bari babu ƙyalle. Ta buɗe jaka, ta lalubo guntun zaren taru, kore, irin wanda ba a raba ta da shi, ta saƙa shi a gurbin. Sannan yatsun nan da suka kumbura da sanyin ƙashi suka yi abin da suka yi shekara arba'in suna yi, ta ja ƙullin da ƙarfi har Callum ya runtse ido.

"Wannan ko guguwa ba ta kwance shi," ta ce. "Allah ya ba ku zaman lafiya. Rosalind, faɗi naki, ni na faɗi nawa."

Na faɗi nawa, ina kuka ba kunya, a nan bakin ƙofa, kafaɗata kusa da tata. Suka tsallake tsintsiya yadda al'adarmu take, aka ɗauki tafi da guɗa, dawakan suka firgita suka yi daji. Aka zaga da waina da ruwan tuffa. Mama ta ƙi ruwan, ta karɓi waina ɗaya ta gutsura, ta ce zumar ta yi yawa.

Da na sallami iska da wuta da ruwa da ƙasa na warware da'irar, mutane suka watse zuwa rumfar abinci. Ita tana nan inda na bar ta, sanda a kafe.

"An gama, Mama. Babu sauran ƙofa."

"Ai ba ki ce in tashi ba." Ta kama hannuna, na ji nauyinta gaba ɗaya ya sauko a kaina. Kusan awa guda ta yi a tsaye. Muka fara takawa a hankali. "Muryarki na fita sosai. Ban san kina da ita ba."

Na ƙara riƙe hannunta.

"Sau nawa kuke yin abin nan?"

"Manyan, sau takwas a shekara. Na gaba ranar ɗaya ga Agusta, na godiyar girbi."

Ta yi taku uku tana kallon ciyawar Desmond.

"Ba shiga zan yi ba," ta ce. "Amma ki gaya wa mai gemun nan ya ajiye mini kujera a bakin ƙofa. Gwiwata ba za ta sake ɗaukar wannan tsayuwar ba."