Kurɓin Farko a Mashayar Delia

"Ɗaga mana, Festy! Gawa muka ɗauko ne?"

Festy ya gyara kafaɗarsa a ƙarƙashin kwalekwalen. Su uku suke ɗauke da shi a kife bisa kawunansu, ba abin da ake gani sai ƙafafu shida suna gangarowa gaɓar teku. Ruwan sama yana dukan kwaltar da aka shafe jirgin da ita, ƙarar tana cika musu kunne. Yayansa Bartley ne a tsakiya, shi ne mai faɗan. Darach, ɗan kawunsu, yana gaba yana lalubar hanya tsakanin duwatsu masu santsi.

Da suka sauke jirgin suka birkice shi, Festy ya miƙe ya kalli sama da gaɓar. Duk garin ya fito cikin rigunan ruwa. A bayansu ga mashayar Delia da jan ƙofarta, kuma a tagar, tsakanin tukwanen fure biyu, ga kofin azurfar tseren an dawo da shi, an goge shi yana ƙyalli.

Ya kawar da kai.

Shekara goma sha huɗu rabon garinsu da wannan kofi. Kowace shekara mutanen tsibiri ne ke tsallakowa su cinye tseren kwalekwalen, su sha giyarsu, su koma da kofin. Bana kuwa kowa ya ce ba mai iya tsayar da 'ya'yan gidan Mulkerrin, wato su Festy, saboda Festy ya rame, ya yi ƙarfi, numfashinsa ya dawo.

Shi kuma abin da ke damunsa ke nan. Al'adar ta girmi kakansa. Idan an gama tsere, jagoran waɗanda aka kayar shi ke cika kofin da baƙar giya da wuski, ya miƙa wa mai zaman kujerar baya na jirgin da ya ci, wanda saura ke bin bugun filafilinsa. Shi zai yi kurɓin farko a gaban kowa. Sau ɗaya aka taɓa ƙin karɓa, zamanin kakanni, kuma sai da aka yi shekara ashirin mutumin tsibiri bai halarci jana'izar ɗan garin nan ba.

Festy ne mai kujerar baya.

"Ina mai jinya?" Dogon Colman, jagoran mutanen tsibiri, ya ƙwala daga cikin jirginsu. "Har yanzu maganin likita ake sha, Festy?"

"Har yanzu."

"Kai! Wannan ƙwaya ta fi auren wasu daɗewa."

Aka tuntsire da dariya. Festy ma ya yi yaƙe. Wata goma sha ɗaya da makonni ke nan yana faɗin wannan ƙaryar, wai likita ya ɗora shi kan magani, ya hana shi giya. Ya gwammace a ce masa majinyaci da ya buɗe baki ya ce shi mashayi ne da ya kasa riƙe kansa.

Bara, bayan an kayar da su, kwana uku ya yi yana sha. Ranar Laraba da safe 'yarsa Orla, mai shekara bakwai, ta tsince shi kwance a jikin katangar coci, ruwan sama yana zuba masa a baki. Ta ɗauka ya mutu. Washegari matarsa Nuala ta haɗa kaya ta tafi gidan uwarta a birnin Galway da yarinyar. Ba ta yi ihu ba. A bakin ƙofa ta ce, "Shekara guda cur, Festy. Ko ɗigo. In ka cika, mu dawo. In ka ɗanɗana, kada ka wahalar da kanka wajen ƙarya, zan gani a idonka."

Yau Lahadi. Saura kwana huɗu. Da safen nan ta turo masa saƙo a waya: "Orla ta haɗa jakarta tun jiya. Na ce mata sai Alhamis."

Ya san kansa. Ba shi da kurɓi ɗaya. In ya taɓa harshensa, sai ya ga ƙasan kofin, daga nan kuma sai ƙasan ganga.

"Shiga mana," in ji Bartley. "Ko sai an kawo maka kujerar guragu?"

Jirage biyar suka jeru, igiyar ruwa tana ɗaga su tana saukewa. Can nesa, kusan mil guda, ga jar gangar da aka ɗaure a kan ruwa, wadda za a kewaya, tana ɓulla tana ɓacewa cikin hazo. Festy ya sa ƙafafunsa ya tokare, ya damƙi siraran filafilansa biyu. Duka sun juya wa inda za su baya, kamar yadda ake tuƙin: bayansa na fuskantar Bartley, Bartley kuma bayansa na fuskantar Darach.

Bindigar fara tsere ta tashi.

Bugu goma na farko gajeru ne masu sauri, sannan ya tsawaita. Jirgin ya miƙe kamar an sake shi daga mari. Ruwan gishiri yana watsowa ta gefe, na sama yana shiga masa ido, ihun mutanen gaɓa yana raguwa a hankali har ya zama ba a jin komai sai ƙarar itace a kan turakun filafili da numfashin mutum uku. Kafin rabin hanya jirage uku sun koma baya. Saura su da Colman, kafaɗa da kafaɗa.

"Haka, ƙanena! Haka!" in ji Bartley. "Darach, ina ganga?"

"Dama kaɗan! Tana nan tafe!"

Su suka fara isa. Suka kewaye ta ta hannun dama, yadda rana ke tafiya, kamar yadda kowane ɗan garin ke juya jirgi. Da suka miƙe sai Festy ya ga jirgin Colman a gabansa, wato a bayansu ke nan, da tazarar jirgi biyu cur.

Za su ci.

A zuciyarsa ya ga jan ƙofar nan, ya ga farin kumfa a bakin kofi, har ƙanshin ya ji a maƙogwaronsa, yawunsa ya tsinke. Bai yanke shawarar komai ba. Hannuwansa ne kawai suka yi sanyi. Ya ci gaba da lanƙwasawa yana miƙewa daidai da da, amma filafilan suna shafar saman ruwa ne kawai, ba sa cizo. Daga gaɓa ba mai iya ganewa. In Colman ya wuce, su ne za su cika kofin su miƙa, kurɓin farko ya bar kan Festy.

Bugu ɗaya. Biyu. Biyar. Jirgin tsibiri yana matsowa.

"Me ke faruwa?" Darach ya yi ihu daga gaba. "Mun yi nauyi!"

Festy ya jira zagi daga Bartley. Mutumin da ke zaune a bayanka yana ganin kowace jijiya ta wuyanka, ba yadda za a yi ka ɓoye masa. Amma zagin bai zo ba. Sai dai jirgin ya riƙa zabura da kowane bugu, kuma numfashin da ke bayan Festy ya canza, ya koma kamar ana yaga tsumma. Bartley, mai shekara arba'in da shida, wanda aka yi wa aiki a kafaɗa shekara biyu da suka wuce, yana tuƙin mutum biyu.

Hancin jirgin Colman ya iso daidai kujerar Festy. Colman ya waiwayo, ya yi masa murmushi.

Sai Festy ya ji wani ɗan nishi ya kuɓuce wa yayansa, irin wanda bai taɓa ji daga gare shi ba, ko ranar da aka binne mahaifinsu.

Ya nutsa filafilan cikin ruwa har wuya, ya ja.

Bai san yadda sauran hanyar ta wuce ba. Ya dai ji ihu yana dawowa, yana girma, sannan bindiga. Da tsawon hannu ɗaya suka ci. Mutane suka faɗo cikin ruwa da takalmansu suna jan jirgin. Bartley ya kife kansa a gwiwa yana amai, hannunsa na hagu yana lilo kamar ba nasa ba. Bai kalli Festy ba.

Ƙarfe biyar na yamma mashayar Delia ta cika har ba wurin aje ƙafa. Jiƙaƙƙun riguna suna tururi, tagogi sun yi gumi, wani yana gwada molo a lungu. Festy ya yi niyyar zamewa ta bayan rumbun kifi ya tafi gida, amma a kafaɗa aka ɗauko shi, aka dire shi a gaban kantar giya. Ƙanshin wurin ya rufe shi. Wata goma sha ɗaya yana tsallaka titi don kada ya shaƙe shi.

"Ga jarumi," in ji Delia, tsohuwa mai gajeren farin gashi, tana goge hannu. Ta dube shi fiye da yadda ya kamata, sannan ta ɗauko kofin daga taga ta miƙa wa Colman.

Colman ya tara shi a bakin famfon giya da kansa. Baƙar giya ta riƙa hawa a hankali. Ya jira ta kwanta, ya ƙara, sannan ya tuntsura rabin kwalbar wuski a kai. Aka buga tebur, aka yi tsit.

"Shekara goma sha huɗu ina shan wannan," in ji Colman. "Yau na cika wa wani, kuma wallahi ban ji haushi ba sai kaɗan." Aka yi dariya. "Festy Mulkerrin, karɓi. Kada ka ce min likita. Na tambayi likitan, ya ce yau hutu ne."

Kofin ya sauka a hannuwan Festy. Yana da nauyi, yana da sanyi. Kumfa ya gangaro ya bi yatsunsa. Mutanen tsibiri tara suna tsaye a bayan Colman, sun daina murmushi, suna jira. Festy ya lura hannuwansa sun fara ɗagawa da kansu. Kofin ya iso ƙirjinsa. Ya iso haɓarsa.

"Ajiye shi."

Bartley ne, yana kutsowa cikin mutane, hannunsa rataye cikin gyalen wata mata.

"Wannan ragon ne zai yi kurɓin farko? A kan me?"

"Haba Bartley," in ji Delia. "Ba yau ba."

"Yau ɗin nan, Inna Delia! Darach, faɗa musu. Bayan ganga wa ya tuƙa jirgin nan?"

Darach ya sunkuyar da kai. "Mun dai yi nauyi."

"Mun yi nauyi! Buhun dankali muka ɗauko a kujerar baya! Bugu goma sha biyu na ƙirga, yana shafa ruwa kamar mai shafa kan kyanwa. Colman, kai kana gefensa, ka gani ko ba ka gani ba?"

Colman ya sosa gemu. "Na ga kamar ya ɗan huta."

"Ya huta! Ni na ba da kafaɗata, shi ya sha daɗi? Al'ada ta ce wanda ya ja jirgi shi ke fara sha. To ni na ja shi. Duk wanda bai yarda ba ya same ni a waje, da hannu ɗaya ma na ishe shi."

Ya fizge kofin da hannunsa mai lafiya, har giya ta zube a takalman Festy. Ya kafa kai ya yi ta sha, maƙogwaronsa yana hawa yana sauka, sannan ya sauke ya goge baki.

"Wannan nawa ne." Ya sake kafa kai. "Wannan kuma na buhun dankali."

Colman ne ya fara fashewa da dariya, ya daki bayan Bartley, sai duk ɗakin ya ɗauka. Kofin ya wuce hannun Darach, ya wuce mutanen tsibiri, ya shiga cikin taro. Wani ya yi ihu, "Buhun Dankali!" wasu suka amsa. Festy ya san sunan ya zauna ke nan. A garin nan har jikokinsa za a kira da shi.

Ya fita ba wanda ya tare shi.

A waje ruwan ya koma yayyafi. Ya tsaya a ƙarƙashin indararo ya tara hannuwansa, yana cuɗa yatsun da kumfa ya taɓa, ya shinshina, ya sake cuɗawa.

Ƙofa ta buɗe, hayaniya ta fito tare da Bartley, ta sake rufuwa. Ya jingina da bango, yana ƙoƙarin kunna taba da hannu ɗaya. Ashana uku suka mutu. Festy ya karɓa ya kunna masa.

Suka tsaya suna kallon jirginsu a kife a kan gaɓa.

"Kafaɗar fa?" in ji Festy.

"Ta gama aiki." Bartley ya busa hayaƙi. "Alhamis ko?"

Festy ya juyo ya dube shi.

"Kada ka zaro min ido. Wa kake tsammani ya kai Nuala da Orla Galway bara? Duk garin nan ba wanda bai iya ƙirga kwanakinka ba, Colman ne kawai bai sani ba." Ya tofar da ɗan ganyen taba. "Da ka faɗa min tun da safe, da na zauna a kujerar baya, kafaɗata tana nan lafiya. Jaki kawai."

Festy ya buɗe baki.

"Yi min shiru. Motarka tana tashi?"

"Tana tashi."

"To gobe za ka kai ni asibiti. Ranar Alhamis kuma ka wanke ta, warin kifi take yi."

Ya jefar da guntun tabar cikin kwatami, ya tura ƙofa da ƙafa ya koma ciki. Festy ya ɗaga wuyan rigarsa, ya bi hanyar gida, ana ta rera sabon sunansa a bayansa.