Ƙullin Ƙasa Daga Assakio

Shin ya dace mutum ya je ya miƙe ƙafa a bakin ruwan da ya ci ɗan amininsa? Ni dai ban san amsa ba. Alhaji Ɗanliti, dillalin doya a kasuwar garin Lafiya, gani yake ya sani.

'Yarsa Muhibbat, mai aikin jinya a ƙasar Girka, ta bugo ta ce ta shirya masa hutu a tsibirin Kirit. Har hotuna ta turo: fararen gidaje, itatuwan zaitun, ruwa shuɗi kamar an zuba masa bula.

"Ba ni zuwa," in ji shi.

Bai faɗa mata dalili ba. Terhide, manomin Assakio da ke kawo masa doya tun suna samari, ɗansa Ushahemba ya hau kwalekwale daga Libiya zai tsallaka wannan tekun, bai kai gaci ba. Ba gawa, ba kabari. Da wane ido Alhaji zai dawo yana ba da labarin daɗin wurin?

Ranar kasuwa sai ga Terhide, ba ko doya ɗaya a hannunsa.

"Alhaji, Hajiyarka ta ce yarinya ta kira ka Turai, ka ƙi. Tsoron jirgi? Makka a keke napep ka je?"

"Ka san dalili, mutumina."

"Na sani. Shi ya kawo ni."

Ya ciro wani ƙulli daga aljihu, ya kwance. Jar ƙasa ce.

"Daga bayan ɗakina na ɗebo. Mu Tibi, a ƙasar ubansa ake kwantar da mutum. Yaro bai dawo gida ba, to gida ya je ya same shi. Ni wa zai ba ni biza?"

Alhaji ya karɓi ƙullin.

"In na je, ba hutu zan yi ba."

"Za ka yi! Ka zuba masa, ka yi addu'a irin taku, sannan ka ci kifi, ka kwanta, tumbin nan ya sha iska. Ka ɗauko hoto. Mamansa tana so ta ga ko wurin yana da kyau."

Alhaji ya ɗaure ƙullin, ya sa a aljihun ƙirji. Sannan ya lalubo wayarsa.

"Muhibbat? Wane irin takalmi ake sawa a bakin tekun naku?"