Rediyon Kabo Mai Murfi

Shekarar da kuɗin Udoji suka faso gari, kowa a ƙasar Daura rediyo yake so, har wanda ba ya jin kira sai an taɓa shi. Kabo kuwa ɗan kama ne, sana'arsa ya ɗauki waƙar mutane ya mai da ita ta tuwo da miya, a yi ta dariya. Amma tunda motar tallan rediyo Mai Tauraro ta fara zuwa kasuwar Mai'adua da lasifika a ka, ko akuya ba ta tsayawa gabansa. Abin ya ci masa rai ƙwarai. In haka ta ɗore, sai dai ya rataye gangarsa ya koma gona, shi da bai iya riƙon fartanya ba.

Wata ran kasuwa ya tsaya ya ƙare wa mai tallan kallo. Ga kwat, ga tabarau, ya rungume rediyo kamar jariri yana zaro eriya, lasifika na rerawa, "Murɗa, murɗa, ka ji duniya!" Kabo ya koma gida yana dariya shi kaɗai.

Kasuwa na zagayowa sai ga shi cikin kwat ɗin gwanjo, rungume da langar matarsa Haulatu cike da tuwon gero, ya ɗaure muciya a gefe ta miƙe sama. Ya ja ya tsaya daura da motar.

"Jama'a, ga sabon samfuri! Ba batir, ba makanike! Nasu Landan yake kamowa. Landan ta taɓa ƙosar da wani?"

"A'a!" in ji wasu mahauta, suka matso.

Ya gyara muciya, ya kara kunne a murfi, ya murtuke fuska. "Shiru, tasha ta shigo! Ga labarai: miyar kuka ta auka wa tuwo ta gabas. Wakilinmu zai shiga ya gano mana." Ya naɗe hannun kwat, ya zurma hannu, ya kai loma. Kasuwa ta ɓarke da shewa. Ya ɗauki muryar lasifikar sak, "Buɗe, buɗe, ka ci ka ƙoshi!"

Mai talla ya fusata ya ƙure ƙarar lasifika. Kabo ya ga maƙogwaronsa ba zai ja da inji ba.

"Murɗa, murɗa..." in ji lasifika.

"Ka ci ka ƙoshi!" Kasuwa duka ta amsa, har masu raƙuma da suka tsallako daga Nijar.

Aka sake, suka sake. Mai talla ya kashe abinsa. Kabo na tsaye, baki cike da tuwo, daɗi ya hana shi haɗiyewa, ga mutane sun yi masa zobe sun juya wa motar baya.

Wata tsohuwa ce kaɗai ta ƙarasa wurin motar, ta leƙa rediyon, ta dubi mai talla.

"Ɗana, naku ɗin da miya yake zuwa?"