Gauraka a Turke

Tun daga bakin gaɓa ran Auta ya fara ɓaci. Mai jirgi ya miƙo musu rigunan hana nutsewa, ta ɗaga tata da yatsu biyu, sai wani tsami ya dake ta, gumin baƙi iri-iri da ya jiƙe ya bushe ba a taɓa wankewa ba. Ta saka wa Baba tasa, tana ɗaura igiyar tana kau da kai.

Ba don kanta ta zo ba. Likita ya gaya musu ba ɓoye-ɓoye cewa ɗan hasken da ya rage a idon Baba ba zai kai baɗi ba. Da 'ya'yansa suka tambaye shi abin da yake son gani kafin nan, tsohon bai ce teku ko babban birni ba, cewa ya yi gauraka yake so, tsuntsun nan mai tukku kamar zinariya da ya saba gani yana yaro. Yayyenta kowa ya kawo uzurin aiki, don haka tafiyar ta faɗo kan Auta, kamar yadda komai yake faɗowa.

A hoton tallan wurin da ta gani, ruwan garai-garai yake. A fili kuwa leda ce ke yawo tsakanin furannin bado, man inji ya yi shimfiɗa a sama yana ƙyalli, ga mataccen kifi ya kumbura ciki sama, ƙudaje sun yi masa rumfa. Wani ƙaton jirgin 'yan shaƙatawa ya wuce su da kiɗa kamar zai fasa kunne, wata mata a ciki ta leƙo ta jefa ƙunzugun jariri a ruwa, ko kunya babu. Auta ta yi tsaki har mai jirgi ya waiwayo.

"Me kika gani, Auta?" in ji Baba.

"Furanni ne, Baba. Farare, sun rufe ruwan."

"Masha Allah," ya ce, yana murmushi.

Shi kuwa mai jirgi bakinsa bai huta ba. Mutum ne mai haƙora jajaye, yana magana yana tofar da yawu ta gefen jirgi, wani lokaci iska ta dawo da rabi.

"Baba, ka kwantar da hankalinka. Wasu sai su kwana suna yawo da kai ba ka ga ko gashin gauraka ba. Ni ban taɓa mai da baƙo bai gani ba. Ko sau ɗaya!"

Auta ta ɗauka cika baki ne irin na masu sana'a. Ashe gaskiya ya faɗa, kuma gara a ce ƙarya ce.

Ya kashe inji, ya ɗauki gora ya tura su cikin wata siririyar hanya tsakanin dogayen ciyayi. Suna fitowa sai ga ɗan tsibiri, ga gauraka tsaye a tsakiyarsa, rana ta doki tukkunsa yana walƙiya. Baba ya dafa kafaɗarta.

"Shi ne? Auta, wancan abin mai haske, shi ne?"

"Shi ne, Baba."

Mai jirgi ya matsa da su har gaban jirgin ya taɓa laka, tsuntsun ko gezau. Nan ne Auta ta ga dalili. Zaren kamun kifi ne ɗaure a ƙafarsa, siriri, an kai shi jikin wani turke da aka ɓoye a ciyawa. Zaren ya ci fata ya shige ciki, wurin ya kumbura yana tsatsar ruwa, ƙudaje na sauka suna tashi. Ƙasar da ke kewaye da turken ta zama fili fetal saboda zagaye, duk kashi ya rufe ta, ga wani tsohon gwangwani da ruɓaɓɓen hatsi a ciki. Warin ya iso jirgin. Ta toshe baki da gefen mayafi don kada ta yi amai a gaban mahaifinta.

Ta ɗago ta zuba wa mai jirgi ido. Ya kashe mata ido ɗaya, wai shi ga gwani. Da tana da hali da ta kwaɗa masa gorar nan tasa a ka.

Amma Baba kuka yake yi, hawaye na bin gemunsa, yana ta godiya ga Allah.

"Tukkun kawai nake gani, sauran duk hazo ne. Gaya mini, me yake yi?"

"Yana... yana kiwo ne, Baba. Yana tsintar abinci a ciyawa."

"Lafiyayye?"

"Lafiyayye, sumul da shi."

Maganar ta fita, ta ji bakinta ya yi ɗaci. Ta tsani mai jirgi, ta tsani ruwan, yanzu kuma ta fara jin ƙyamar kanta.

Baba ya daɗe yana kallo. Can ya karkata kai yana neman wani abu a dama da hagu.

"To ina ɗayan? Ai su ba sa zama ɗaya-ɗaya, bibbiyu suke tafiya. Auta, duba bayan ciyawa."

Kafin ta haɗa wata ƙaryar, mai jirgi ya riga ta, cikin fara'a kamar mai ba da labarin kasuwa.

"Kai, Baba ya san tsuntsu! Ai da biyu muka ɗaure. Macen ce ta yi ta fizge-fizge har ƙafar ta ruɓe, ta mutu kwanan baya. Amma yara na nan suna nema mana wata, in ka dawo za ka same su cif."

Baba ya janye hannunsa daga kafaɗarta a hankali, ya share fuska da hannun riga.

"Ɗaure yake?"

"Eh, Baba," in ji Auta.

"Tun da muka iso kin gani?"

"Na gani."

Baba ya juya inda yake jin numfashin mai jirgi ya ce, "Kwance shi."

"Haba Baba, ai ba nawa ba ne ni kaɗai, mu da yawa muke kawo baƙi nan. Kuma ko na kwance ina za shi? An rage masa fiffike."

"Allah wadai," in ji tsohon. "Mai da mu."

Duk tsawon hanya bai sake tambayar ta abin da ta gani ba. Sun wuce garken agwagin ruwa, ta buɗe baki za ta faɗa masa, ta ga ya sunkuyar da kai, sai ta fasa.

A bakin gaɓa ta riga shi fita, ta cire masa rigar nan mai wari ta yar a kan katako, ta miƙa masa hannu.

"Tako, Baba. Babu rami, katako ne shimfiɗe."

Ya tsaya. Bai kama hannun ba. Ya miƙa sandarsa gaba, ya ƙwanƙwasa katakon nan da can, ya shafa bakin katakon da ita har ya tabbatar da kansa, sannan ya taka.