Duron Baba Mai Tsatsa

Auta ta zaro takardar gwaji daga kwalba ta takwas, ta ga ta rine rawaya kamar sauran. Ta ja tsaki. Gubar asenik tana nan daram.

Wata uku ke nan da aka gano gubar a rijiyar gidansu, bayan tafin hannun Inna ya fito da baƙaƙen tabo masu tauri. Ofishin ruwan da Auta ke wa aiki zai toshe rijiyar gobe, sai fa in matatarta ta gawayin ɓuntun shinkafa ta yi aiki. In an toshe, dole tsofaffin su bar gidan gona, Baba kuwa ya rantse sai dai a fitar da gawarsa.

Saura kwalba ɗaya, ta ruwan da ta tace da gawayin ƙarshe, wadda ta ajiye gefe don haushi. Ta aika wa Baba sabon duro fes ya ƙona ɓuntu a ciki, amma gawayin ƙarshe ya iso jajawur, yana ƙarnin ƙarfe. Ta san halin kayanta, mutumin da ko lanƙwasasshiyar ƙusa ba ya yarwa.

Ta gwada don dai a ce ta gwada. Takarda ta fito fara fat, babu alamar guba. Ta sake, ta kuma sakewa.

Shugaban sashensu a ofis ya gyara tabarau ya duba. "Me kika zuba a wannan?"

"Ban sani ba, ranka ya daɗe."

"To je ki sano. Na ɗaga toshewar da mako biyu."

Ta kira Baba a waya. Ya yi ta kame-kame kafin ya amsa laifinsa. Sabon duron ya yi kyau da yawa, ya ji tausayinsa, ya ba Inna ta zuba hatsi. A wani tsohon duronsa ya ƙona, ya kashe wutar da ruwa, ya manta gawayin kwana tara yana jiƙe cikin tsatsa da tsofaffin ƙusoshi.

Auta ta dafe kai. Tsatsa! Ita ce ke kama gubar, ga shi a littafi, ita kuwa ta ɓata wata uku tana wanke kaya ƙal. Dariya da kuka suka zo mata tare.

"Ki yi haƙuri, 'yar nan," in ji Baba. "Ɗazu na ba mai gwangwan duron, kada ki zo ki gan shi."

"Baba! Shi fa nake nema!"

Sai ta ji ya rage murya.

"Kada dai ki gaya wa uwarki. Akwai irinsa guda huɗu a bayan rumbu, na rufe su da kara."

Daga nesa muryar Inna ta taso: "Biyar ne, Malam. Na ƙirga."